Gidan gumagumai da yadda masu gyaransa suka koyi sassauta hannu

Mu da muke cin abinci da gyaran tsofaffin gidajen gumagumai a gabashin Amurka, rabin aikinmu warware gyaran da wasu suka yi ne kafin mu. Ruwan sama da gara suna da nasu laifin, amma ɓarnar da ta fi ba mu wahala ta fito ne daga hannun mutanen da suke son gidajen nan tsakani da Allah, suka yi gaggawar taimakonsu.

Turawan Ingila na farko, waɗanda suka sauka Jamestown a 1607 da Plymouth a 1620, ba su gina irin wannan gida ba. Mutanen Suwidin da Finlan da suka kafa mazauni a bakin kogin Delaware a 1638 su suka zo da dabarar jera gungume kan gungume a kwance, a sassaƙa bakinsu su ciji juna a kusurwa ba tare da ƙusa ba. Jamusawan Pennsylvania suka zo da tasu, ’yan Sikotlan da Ailan suka koya, suka gangara da ita cikin tsaunukan Appalachia. Gatari da daji su ne jarin. A tsakanin gumagumai akan cusa duwatsu ko ɓarin itace, a yaɓe da laka haɗe da farar ƙasa da yashi da gashin dabba. Wannan yaɓe yana tsagewa, yana zubewa, iyali su kwaɓa wani su mayar kafin hunturu. Ba wanda ya ɗauki hakan aibi. Aikin gida ne.

Da yawan gidajen ma, da zarar mai gida ya ɗan samu, sai ya rufe bangon da falankin katako daga waje, ya yi shafe daga ciki. Gungume a fili alamar talauci ce a wurinsu. Siyasa ce ta fara sauya wannan kallo: a zaɓen 1840 magoya bayan William Henry Harrison suka mai da bukkar gumagumai tambarin mutumin talakawa, tun daga nan ta shiga zukatan Amurkawa a matsayin tushen ƙasa.

Matsalarmu ta soma da siminti. A ƙarni na 20 ya yi arha, kowa ya gaji da yaɓen shekara-shekara, sai aka ƙwaƙule laka aka ɗura shi. Itace kuwa ba ya zama wuri guda: yana kumbura da damina, yana tsukewa da rani. Siminti ba ya bin sa. Sai wata ’yar tsaga ta buɗe a saman yaɓen, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya kwanta a bayan simintin yana cin gungumen daga ciki. Duk wanda ya ga katangar ƙasa da aka shafe da siminti a Kano ko Zariya, shafen yana tsaye ƙyam alhali ƙasar bayansa ta jiƙe ta saki, ya san abin da nake nufi.

Daga baya, musamman wajen bikin cikar ƙasar shekara 200 a 1976, sai sha’awar ganin gungume tsirara ta tashi. Aka ɓamɓare falankin da ya kare bango fiye da shekara ɗari, wasu suka feshe itacen da yashi don ya yi fari, suka bi shi da fenti mai ƙyalli wanda ke kulle danshi. Ina jin zafin wannan zamani har yanzu, domin gumagumai da yawa da aka lalata ba su da madadi. Na itacen cesnat ne, wanda cutar da aka gano a New York a 1904 ta kashe biliyoyinsa cikin kusan shekara hamsin. Mai son gungumen cesnat yau sai ya nemi tsohon rumbu da ake rushewa.

Dokar kare gine-ginen tarihi ta 1966 ta ba sana’ar ƙashin baya, kuma a 1991 Hukumar Gandun Daji da Wuraren Tarihi ta ƙasar ta fitar da ƙasidar Bruce Bomberger kan gyaran ginin gumagumai, wadda yawancinmu muka koyi aiki da ita. A shekarun 1980 yaɓen roba mai miƙewa ya shigo kasuwa. A sabon gini yana da amfani. A tsohon gida na fi yarda da farar ƙasa, wadda ke shan danshi ta sake shi.

Yau in na je duba gida, ba bango nake fara kallo ba. Rufi nake kallo, da indararo, da inda ruwa ke bi in ya sauko. Sannan na durƙusa gaban gungumen ƙasa, wanda ke kan dutsen tushe, na ƙwanƙwasa shi da guduma. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi. Ruɓaɓɓe sai ka ji kamar babu kowa a ciki, ka soka masa basilla ta nutse har ƙota. In ruɓar ba ta yi nisa ba, mukan yanke wurin kawai, mu sassaƙa irin itacensa mu dasa, mu sa maganin boret saboda ƙwari. In kuwa sai an canja shi gaba ɗaya, sai a sa jak a ɗaga gidan kaɗan-kaɗan, ana sauraron kukan katako, ana duba ƙofa da taga kada su karkace. Gidan da ya yi ƙarni biyu yana zama ba a miƙar da shi rana ɗaya.

Shi ya sa gidajen da na tarar da lafiya yawanci na iyalan da ba su da kuɗin gyara gaba ɗaya ne. Bana rufi, baɗi bangon da ruwa ya fi duka, shekarar da ta biyo baya a yi hutu a ga yadda gidan ya karɓi aikin. Irin waɗannan mutane sun san gungumen da kakansu ya sare, sun san sawun gatarinsa, kuma sau da yawa su ke riƙe hannuna in na ɗauko zarto, su ce a sake dubawa ko za a iya ceton rabinsa.