Daga Kantar Tarho zuwa Kano: Tarihin Kwamfutar da Ba Ta Barci

Mai karatu, duk lokacin da ka tura kuɗi ta waya ko ka saka kati a POS a Kasuwar Kurmi, ba wayarka ce ke yanke hukunci ba. Saƙon yakan tafi wurin wata kwamfuta ta musamman da ake kira uwar garke, wasu su ce saba. Ba ta da allo, ba ta da linzami. Shafaffen akwati ce da ake zurawa cikin kantar ƙarfe, kamar aljihun tebur. To daga ina ta samo wannan siffar?

Amsar ta girmi kwamfuta. Wajen 1922, kamfanin tarho na AT&T a Amurka ya tsayar da faɗin kantar da yake jera na'urorinsa a kan inci 19. Daga baya aka daidaita tsayin kowane gurbi a kan inci 1.75, wato milimita 44.45, abin da ake kira 1U. Cikakkiyar kanta yawanci tana da gurbi 42. Ka san amfanin mudu a kasuwa: idan awo ya zama ɗaya, ciniki ya yi sauƙi. Haka nan ma, na'urar Dell da ta HP da ta Cisco duk sukan zauna a kanta ɗaya ba tare da gardama ba.

Leƙa cikinta ka ga tarihi jere. Ramukan da ke bayanta na Ethernet ne, fasahar da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka fara a Xerox PARC a 1973, tana tafiya da kusan megabit 3 a daƙiƙa. Yau ramin gigabit 10 ko 25 ba abin mamaki ba ne. Faifan ajiyar da ke gabanta kuwa suna aiki da dabarar RAID, wadda masana uku na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka bayyana a 1988: a raba bayani ko a kwafe shi a faifai da yawa, ta yadda idan ɗaya ya mutu, a zare shi a saka sabo na'urar tana kunne. Akwatin wutarta ma biyu ne, kowanne da layinsa. Akwai kuma wani rami na daban da injiniya zai bi ya kashe ta ko ya kunna ta daga wani gari. Ka lura, duk hikimar guda ce: kada mutuwar abu ɗaya ta tsayar da aiki.

To ina Kano a wannan labari? Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 aka kuma kafa Kurmi a lokacinsa, arzikin birnin nan ya dogara ne da hanya. Da farko ayarin raƙuma ne daga Agadas da Gadamas, sannan layin dogo ya iso a 1911. Hanyar yau ta wayar gilashi ce, sai dai bakinta yana teku. Wayar SAT-3 ta sauka Legas a farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 suka biyo baya a 2010. Shi ya sa manyan cibiyoyin adana bayanai suka taru a can, kusan kilomita 1,000 daga Ƙofar Mata.

Nisan kansa ba shi ne babbar matsala ba, don haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Matsalar ita ce yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Najeriya, wasu bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Ɗan kasuwa yana da kuɗi a asusu, amma ya rasa yadda zai biya.

Wannan ne ya sa kawo uwar garke kusa da gida ke da muhimmanci. A Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, wadda aka tsara a kan mataki na huɗu, wato tsarin da lalacewar sashe ɗaya ba ta tsayar da shi.

Amma fa riƙe irin wannan na'ura a Kano sai da shiri. Tana shaƙar iska ta gaba, ta fitar da zafi ta baya, ga bazararmu tana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. Idan makarantarku ko asibitinku na shirin sayen uwar garke, kada ku tsaya kan ƙarfin masarrafarta kaɗai. Ku tambaya: wuta biyu daga ina? Layin intanet biyu ta hanyoyi daban-daban akwai? Wa zai sanyaya ɗakin, wa zai tace ƙura? Kuma kwafin bayanan yana wane gari?