Zaɓen Ma'aunin Zafin Hayaƙin Inji: Nazarin Tsinke da Mazauninsa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abubuwan da ya kamata a lura da su wajen zaɓen ma'aunin zafin hayaƙi, musamman ga injin dizal mai turbo. Matsayarta ita ce ingancin ma'aunin yana ga tsinken da ake cusawa cikin hayaƙin da kuma wurin da aka dasa shi. Agogon da direba ke kallo na biye ne.

Gabatarwa

Agogon zafin ruwan lagireto yana da nawa, domin sai ƙarfen inji ya ɗau zafi kafin allurarsa ta motsa. Zafin hayaƙi kuwa yana sauyawa cikin daƙiƙu. A injin dizal, idan mai ya yi yawa kuma iska ta yi kaɗan, zafin yakan hau. Haka ke faruwa idan ƙurar hunturu ta toshe filtar iska, ko nozul ya lalace, ko tirela ta ɗauko kaya fiye da kima tana hawan tsaunin Jos, inda tudu ya kai kusan mita 1,200 kuma iska ba ta da kauri. Alminiyon, wanda ake yin fistin da shi, yana narkewa a digiri 660 na Salshiyos. Ruwa da man inji ne ke kare shi, kuma kariyar tana da iyaka.

Nau'in tsinke

A cikin tsinken akwai waya biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu. Idan mahaɗar ta yi zafi sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Nau'in K, mai gaurayen nikel, yana ba da kusan maikurobolt 41 a kowane digiri, yana kuma jure zafin da ya haura digiri 1,200. Nau'in J yana tsayawa a wajen digiri 760, kuma wayarsa ɗaya baƙin ƙarfe ce mai tsatsa. Tunda hayaƙin injin fetur kan wuce digiri 900, marubucin nan bai ga hujjar sa nau'in J a mota ba.

Kauri ma yana da tasiri. Tsinke mai milimita 3 ya fi mai milimita 6 saurin jin sauyi, amma ya fi shi saurin cinyewa. Kuben tsinke da aka yi da ƙarfen Inconel ya fi na ƙarfe marar tsatsa na gama-gari juriya.

Mazauni

Nan ne ake yawan kuskure. Turbo yana zuƙe wani kaso na ƙarfin hayaƙi, don haka tsinken da aka dasa bayansa yakan nuna adadi ƙasa da na gabansa da digiri 100 ko fiye. Tazarar kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana ƙaruwa da nauyin kaya, wato a daidai lokacin da ake buƙatar gaskiyar lamarin. Masu dasawa a baya suna tsoron kada bakin tsinke ya karye ya faɗa cikin fankar turbo. Tsoron yana da tushe, sai dai maganinsa tsinke mai inganci ne. Ya kamata a huda manifol a gaban turbo, bakin tsinken ya kai tsakiyar bututu, a kuma kwashe garin ƙarfen hudar kafin a tayar da inji. A wannan mazauni, masu aikin dizal kan ɗauki digiri 650 zuwa 700 a matsayin iyakar doguwar tafiya, sai idan kamfanin injin ya faɗi wani adadi.

Waya da agogo

Wutar da tsinke ke bayarwa ƙanƙanuwa ce, saboda haka ƙara masa tsawo da wayar tagulla yana ɓata lissafi. Dole a yi amfani da wayar ƙari ta nau'insa: ta nau'in K kore ce a ƙa'idar IEC 60584, rawaya a ta Amurka. Agogon ya zama na nau'in K, mai gyara lissafinsa gwargwadon zafin cikin mota, mai ƙararrawa kuma, domin idon direban da ke kan gangare ko hawa yana kan hanya.