Yadda Amsa-kuwwa Ta Zama Jagorar Wuƙar Likita

A gaban wuyan ɗan Adam, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda likitoci ke kira tayirod. Ita ce kan kumbura ta zama maƙoƙo, wani lokaci kuma ciwon daji yakan kama ta. A tsakiyar ƙarni na 19 yi mata fiɗa ganganci ne, gama majinyata da yawa sukan mutu saboda zubar jini ko ruɓewar rauni. Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan shi ne ya gyara aikin har mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsa, aka ba shi lambar Nobel a 1909. Amma duk da gwanintarsa, yatsunsa ne idonsa kafin ya tsaga fata.

Abin da zai cike wannan giɓi daga wani fanni dabam ya ɓullo. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa dutsen kwaz yakan fid da lantarki in an matsa shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Paul Langevin ya yi amfani da wannan ilmi wajen aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji cikin teku, amsa-kuwwarsa ta dawo ta tona asirin jirage masu nutso.

A 1955 wani likitan mata a Glasgow, Ian Donald, ya kwashi ƙari iri-iri da aka ciro daga majinyata ya kai wata masana'anta inda ake neman tsaguwar ƙarfe da irin wannan sauti. Nan ya ga na'urar tana bambanta ƙari mai ruwa da mai tauri. A 1958 shi da John MacVicar da Tom Brown suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Lancet. A 1967 kuwa Fujimoto da abokan aikinsa a Japan suka ba da rahoton duba tayirod da na'urar.

Sannu a hankali hoton ya ƙara kyau, har ya zama likita na iya ganin alamun da ke sa zargi, watau ƙullutu mai duhu, mai gefe marar daidai, ko mai ɗigo-ɗigon alli a ciki. Da hoton ake bi da siririyar allura a tsotso abin da za a auna. Mafi muhimmanci, shi ke nuna ko cutar ta haura zuwa kaluluwar wuya, wadda sau da yawa hannu ba ya ji. Da haka ake yanke shawara ko rabin tayirod za a cire, ko dukanta, ko har da kaluluwar, don kada a koma fiɗa ta biyu wadda ta fi haɗari ga jijiyar murya. Ƙungiyar masana tayirod ta Amurka ta jaddada yin wannan hoto kafin fiɗa a ƙa'idojinta na 2015.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma Koriya ta Kudu ta nuna ganin ma yana bukatar hankali. Daga 1999 aka shiga duba wuyan masu lafiya da na'urar a kan kuɗi kaɗan. Ya zuwa 2011 yawan waɗanda ake samu da cutar ya ninka na 1993 sau 15, alhali adadin masu mutuwa bai canja ba. Dubban mutane aka cire wa tayirod, suka koma shan magani iyakar ransu, wasu kuma muryarsu ta lalace.

Asibitin Kuma da ke Kobe a Japan ya bi wata hanya tun 1993. Ƙari ƙarami wanda bai wuce santimita ɗaya ba, in bai nuna haɗari ba, sai a riƙa sa masa ido da hoto maimakon a yanka. Akasarinsu ba su girma ba cikin shekaru masu yawa, waɗanda suka girma kuwa aka yi musu fiɗa daga baya cikin nasara.