WA YAKE AIKO MAKA IMEL DA ƘARFE BIYUN DARE? TARIHIN SAƘON MANHAJA DAGA GIDAN WAYA ZUWA GAJIMARE



Ɗauki wayarka yanzu ka buɗe Gmail, ka duba saƙonni goma na ƙarshe da suka shigo. Da wuya ka samu biyu waɗanda ɗan Adam ne ya zauna ya rubuto maka. Banki ya ce an cire kuɗi, Facebook ya turo lambar tabbatarwa, shafin neman aiki ya ce danna nan ka canza kalmar sirri. Ko ƙarfe biyun dare ka nema, kafin ka ƙifta ido saƙon ya iso. Babu ma'aikacin da ke zaune yana jiranka, manhaja ce ta aiko. Kuma yawancin manhajoji ba da kansu suke kai saƙon ba, hayar wani kamfani suke yi ya kai musu.

Yau za mu bi tarihin yadda aka zo nan. Ka daure ka karanta har ƙarshe, domin a kan irin wannan saƙon wani ya rasa gurbin karatu, wani kuma aka kwashe masa kuɗin asusu.

ZAMANIN KAN SARKI

Tambayi wani dattijo a Sukuntuni yadda ake aika saƙo ga ɗan da ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal a shekarun 1970. Zai gaya maka ana samun ɗan makaranta ko malamin firamare ya rubuta wasiƙa, ko a rubuta da ajami. Sai a kai tashar Kankiya a ba direban da aka sani, tunda garin yana kan titin Kano zuwa Katsina, ko a sayi kan sarki a manna a jefa a gidan waya. Amsa kuma sau da yawa ta akwatin makaranta take zuwa, hedimasta ya raba. A lokacin gidan waya da tarho suna ƙarƙashin sashe ɗaya mai suna P&T, sai a 1985 aka raba su, aka samu NIPOST da NITEL.

Wannan hanya tana da jinkiri, amma tana da shaida. Ka san rubutun hannun ɗanka, ka san direban, hatimin gidan waya kuma ya nuna garin da wasiƙar ta fito da ranar da aka jefa ta. Riƙe wannan kalma ta shaida, domin duk tarihin da ke tafe a kanta yake.

IMEL YA ZO BABU HATIMI

A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, wato kakar intanet. Shi ne ya zaɓi alamar @ don ta raba sunan mutum da sunan kwamfutar da yake. A watan Agustan 1982 kuma Jon Postel ya fitar da ƙa'idar da ake kira SMTP, wadda har yau da ita kwamfutoci suke miƙa wa juna imel.

Yadda take aiki abin dariya ne don sauƙi. Kwamfutar mai aikawa za ta yi sallama, ta ce daga wane nake, ga wane zan kai, ga saƙon. Ta biyun ta karɓa. Babu wanda zai tambaya ko da gaske daga wanen kake. Masu amfani da tsarin a lokacin malaman jami'a ne da masu bincike da suka san juna, don haka ba su ga dalilin sa mai gadi a ƙofa ba.

Ai kuwa tun kafin nan an fara ganin alama. A watan Mayun 1978 wani ɗan talla na kamfanin DEC, Gary Thuerk, ya tura tallar kwamfuta ga mutum kusan 400 a lokaci guda ba tare da sun nema ba. Wannan ne ake ɗauka a matsayin saƙon shara na farko, abin da wayarka ke rubutawa Spam.

Daga baya imel ya zama na kowa da kowa. Hotmail ya fito a 1996, Yahoo Mail a 1997, Gmail kuma ranar 1 ga Afrilun 2004.

LOKACIN KAFE DA 'YAN 419

A nan gida, intanet ya fara shigowa a tsakiyar shekarun 1990, wayar salula ta GSM kuma a Agustan 2001. Wanda ya yi karatu a farkon shekarun 2000 zai tuna yadda ake shiga mota daga Kankiya zuwa Katsina ko Kano don kawai a buɗe Yahoo a kafe, a sayi awa ɗaya, rabinta ya tafi wajen jiran shafi ya buɗe.

A wannan zamani ne 'yan damfara suka gane cewa imel ba shi da hatimi. Mutum zai zauna a kafe ya rubuta cewa shi manajan banki ne ko ɗan wani tsohon shugaba, ya tura wa dubban mutane a ƙasashen waje. Sunan 419 ya samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokar laifuka, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. An kafa EFCC a 2003, sannan dokar yaƙi da irin wannan damfara ta 2006 ta wajabta wa masu kafe su yi rajista da hukumar, su kuma riƙa ajiye bayanan kwastomominsu.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A wancan lokacin mafi yawan sharar duniya daga kwamfutocin da aka sa wa ƙwayar cuta a ƙasashe daban-daban take fitowa, har ta kai wajen 2010 fiye da kashi 80 cikin 100 na duk imel ɗin da ke yawo shara ne. Amma sunanmu ya ɓaci, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, suka riƙa tara jerin lambobin IP na kwamfutocin da ke fitar da shara. Idan lambarka ta shiga jerin, ko saƙon ta'aziyya ka aika ba zai isa ba.

ME YA SA MAI MANHAJA YA KOMA HAYA?

A ce wani matashi a Kankiya ya haɗa wa wata makaranta manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, ana so a tura wa iyaye 800 ranar da aka yi hutu. Hanya uku ce a gabansa.

Ta farko, ya yi amfani da Gmail ɗinsa. To amma Gmail na kyauta yana tsayawa a saƙo 500 a rana, ka ga saura iyaye 300 ke nan. Kuma tun ƙarshen Mayun 2022 Google ya daina barin manhaja ta shiga irin wannan asusu da kalmar sirrin da ka saba kawai.

Ta biyu, ya kafa tasa sabar, wato kwamfutar da aikinta aika saƙo. Sai ya tanadi wuta dare da rana, ga kuɗin man janareta, ga intanet da ba ya yankewa. Bayan duk wannan wahala, Gmail da Yahoo ba su san lambarsa ba, don haka saƙon zai iya zarcewa akwatin shara.

Ta uku ita ce haya. Akwai kamfanonin da suka tara dubban kwamfutoci a manyan gine-gine suna ba da hayarsu ta intanet, abin da ake kira gajimare. Amazon ya fara wannan kasuwa gadan-gadan a 2006. Daga nan aka samu waɗanda sana'arsu kawai kai saƙon manhajoji: SendGrid a 2009, Mailgun a 2010, sai Amazon SES a Janairun 2011, wanda ya sa farashin santi 10 na dala a kan saƙo 1,000. A 2019 kamfanin Twilio ya kammala sayen SendGrid.

Abin da kake biya a wurinsu shi ne sunan kirki. Kamar direban tasha ne da kowane shingen hanya ya san shi, kayan da ke motarsa suna wucewa ba dogon bincike. Shi ya sa suke tsaron sunan nan kamar ƙwai. A Amazon SES, sabon shiga yana farawa ne a matakin gwaji: saƙo 200 a awa 24, kuma ga adireshin da aka tabbatar kawai, sai ka nemi izini ka bayyana irin saƙon da za ka riƙa aikawa. Idan saƙonnin da ke dawowa saboda adireshin bogi suka kai kashi 5 cikin 100, za a sa maka ido. Idan suka kai kashi 10, ana iya dakatar da kai.

HATIMI YA DAWO

Hayar direba nagari ba ta hana wani ya ari sunanka ba, don haka aka ƙirƙiro hatimi uku. Dukkansu a rajistar sunan shafi da ake kira DNS ake rubuta su.

1. SPF, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2006. Mai shafi yana rubuta jerin kwamfutocin da ya yarda su aika saƙo da sunansa.

2. DKIM, a 2007. Wannan sa hannu ne na lissafi da ake liƙa wa kowane saƙo. Idan aka taɓa saƙon a hanya, sa hannun zai ƙi dacewa.

3. DMARC, a 2012. Shi ne umarnin mai shafi ga Gmail da sauransu: in saƙo ya zo da sunana babu shaidar nan, ku bar shi, ko ku jefa shara, ko ku ƙi karɓa.

Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. Wanda ke tura wa masu Gmail saƙo 5,000 ko fiye a rana dole ya cika ukun, ya sa maɓallin fita daga jerin talla da dannawa ɗaya, kuma masu kai ƙararsa a matsayin shara kada su kai kashi 0.3 cikin 100. Ka ga an yi shekara arba'in da ɗoriya kafin a dawo da abin da gidan waya yake da shi tun zamanin kakanninmu.

TO INA RUWAN MAI WAYA A SUKUNTUNI?

Ruwanka babba. JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ta kuma kawo tsarin CAPS a 2017, inda ɗalibi zai shiga da kansa ya karɓi gurbin da aka ba shi. Da imel da kalmar sirri ake shiga shafinta. Haka masu neman N-Power rukunin C a 2021, sai da suka koma imel ɗin da suka cike fom da shi kafin su samu hanyar shiga shafin NASIMS. Wanda mai kafe ya buɗe wa imel a gurguje, bai riƙe kalmar sirri ba, ya san yadda ta kaya. Manhaja ta aiko, gajimare ya kai, amma akwatin yana hannun wani.

Ga abin da za ka yi tun yau:

1. Ka mallaki imel naka na kanka, ka haɗa shi da layin wayarka da ba ka da niyyar yarwa. Idan za a cike maka fom, kai za ka ba da adireshin, kuma ka karanta harafi bayan harafi kafin a tura.

2. Idan an ce an turo saƙo ba ka gani ba, duba akwatin Spam da na Promotions, sannan ka duba ko ma'ajiyarka ta cika. Google gigabait 15 yake bayarwa kyauta, kuma hotuna da Drive duk a ciki suke ci. In ta cika, sabon saƙo ba zai shigo ba.

3. Kafin ka danna komai, taɓa 'yar kibiyar da ke ƙasan sunan mai aikowa ka ga cikakken adireshi. Suna kowa na iya rubutawa, abin dubawa shi ne abin da ya biyo bayan @. A bayanan tsaro za ka ga "Mailed by" da "Signed by". Yawancin hukumomin gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa, jami'o'i kuma da .edu.ng.

4. Idan ka ga sunan amazonses.com ko sendgrid.net a wurin, wannan sunan direban ne kawai. Kamfanin kirki na hayarsa, ɗan damfara ma yakan yi kafin a kama shi. Kuma hatimi yana tabbatar da shafin da saƙon ya fito ne, ba ya tabbatar da halin mai shafin. Ɗan damfara kan sayi suna mai kama da na banki, ya canza harafi ɗaya. Duk saƙon da ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar OTP, goge shi.

IDAN KAI NE MAI HAƊA MANHAJAR

Ka sayi sunan shafi naka, ka buɗe asusu a ɗaya daga cikin kamfanonin nan, ka kwafi layukan SPF da DKIM da za su ba ka zuwa DNS ɗinka, ka ƙara na DMARC. Za su ba ka mabuɗin sirri da manhajarka za ta riƙa nunawa ta hanyar API ko SMTP. Wannan mabuɗi a sabarka zai zauna. Kada ka cusa shi cikin manhajar da mutane za su sauke a waya, kada kuma ka ɗora shi a GitHub, domin akwai masu farautarsa dare da rana. Su za su aika shara, kai za ka biya kuɗi, sunan shafinka kuma ya ɓaci. Duk adireshin da saƙo ya dawo daga gare shi, cire shi daga jerinka, kuma kada ka sayi jerin adireshin mutanen da ba su neme ka ba.

Idan kana da ƙane ko ƙanwa da za su zana JAMB bana, zaunar da su yau ku buɗe imel ɗin tare, su rubuta kalmar sirrin a wuri mai aminci, su gwada fita da shiga a gabanka. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya kare mu daga sharrin 'yan damfara.