Ranar Da Na Kai Yara Kufena: Wa Ya Gina Ganuwar Nan?

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Zariya za mu je. Abin da ya jawo shirin kuwa, 'yar yayana ce, 'yar shekara 9, ta dawo daga makaranta an koya musu labarin Sarauniya Amina. Ta ce da ni, "Baffa, wai a wace ƙasa Amina take?" Jama'a, yarinyar nan a Zariya aka haife ta, kullum ta Ƙofar Doka ake wucewa da ita. Wallahi sai da na ji kunya. Na ce mata ranar Asabar ki shirya, zan kai ki ki gani da idonki. Sai ƙanenta mai shekara 7 ya ce ƙafarta ƙafarsa, nawa autan mai shekara 4 shi ma ya saka kuka. Haka na kwashe su uku.

Da sassafe muka bi ta Ɗan Magaji muka shiga Wusasa. Ga wanda bai san wurin ba, Kufena wani ƙaton dutse ne a yamma da birnin Zariya, Wusasa kuma tana kusa da gindinsa. A nan Wusasa ne mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa a cikin birni ta koma wajen 1929, aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa sak. A nan kuma tsohon shugaban ƙasa Yakubu Gowon ya tashi. Na nuna musu daga mota, muka wuce.

Da muka isa, ban kama hawa kai tsaye ba. Muka fara neman manyan wurin muka gaishe su. Wani dattijo da ke gona a kusa ya ce zai raka mu. Ya dubi yaran ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, da waɗannan za ka hau Kufena? Ku tsaya a kafaɗarsa dai, abin da kuke nema ai a ƙasa yake."

Gaskiyarsa. Bai kai mu nesa ba sai ya tsaya a kan wani dogon tudu da ya miƙe ta cikin gonaki, ciyawa ta rufe shi. Ya ce, "To, kun taka ganuwa." Ɗan shekara 7 ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya ce, "Baffa, wannan ai ƙasa ce." Shi a tunaninsa katanga zai gani irin ta fim, mai tsawo da sojoji a sama.

To a nan tarihin ya shigo, bari in ba ku shi kamar yadda na ba su, sai dai na ƙara muku gishiri kaɗan tunda ku manya ne.

Jerin sarakunan Zazzau ya fara ne daga Gunguma, wanda labarin Bayajida ya sa shi cikin 'ya'yan Bawo. Na 22 a jerin shi ne Bakwa Turunku, kuma an fi ajiye hawansa a 1536. Na ce "hawansa", amma ku sani akwai masu cewa Bakwa mace ce. Turunku tana kudu da Zariya, yau ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi. Labarin baka ya ce garin ya yi wa jama'a kaɗan, ruwa kuma bai wadata ba, shi ya sa sarauta ta taso ta dawo nan yankin Kufena, daga bisani ta zauna a birnin da muka sani yanzu. Bakwa na da 'ya'ya mata biyu da suka yi suna: Amina, da ƙanwarta Zariya wadda birnin ya ci sunanta. Har gobe ana kiran fadar Zazzau Gidan Bakwa.

Me ya sa dutse? Na tambayi yaran. Babbar ta ce don a hango abokan gaba. Ta canka. Amma akwai ƙari. Ruwan sama idan ya sauka a kan dutse gangarowa yake yi ya taru a gindinsa, don haka ƙasar wurin takan riƙe laima, ta yi daɗin noma. Ga mafaka, ga ruwa, ga abinci. Dalili ke nan da Dala ta haifi Kano, Kwatarkwashi ta zauna a gindin nata dutsen. Mutanen da kuma suna girmama irin waɗannan duwatsu, suna ganin mazaunin iskoki ne.

Sai babbar ta jefo tambayar da na san tana zuwa: "To Amina ce ta gina wannan?"

Jama'a, a nan ne babba yake zaɓa: ko ya ce "eh" ya huta, ko ya faɗi gaskiya. Amina tana cikin tsofaffin rubuce-rubuce. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri. Amma kun ga matsalar? Idan 'yar Bakwa ce da ya hau a 1536, yaya aka yi ta yi zamani da Dauda, shekara 100 kafin nan? Har yau masana ba su daidaita a kan wannan ba.

Ita kuma ganuwar, a shekarun 1970 wani masanin tonon tarihi, John Sutton, da ke koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi ganuwowin Zariya da Kufena ya yi nazarinsu. Abin da ya fito fili shi ne, ganuwa ba ɗaya ba ce. Layi-layi ne, na zamani daban-daban, wani ya gina wani ya ƙara. Kuma mutane sun daɗe a yankin nan tun kafin Bakwa: a yammacin Samaru an tono wuraren narka tama da suka haura shekara 1,000. Sai dai Bahaushe duk inda ya ga tsohuwar ganuwa, ko a Katsina ne, ganuwar Amina yake ce mata.

Na taƙaita wa yarinyar, na ce sunan na Amina ne, amma hannuwan da suka ɗebo ƙasar na dubban mutane ne da ba wanda ya rubuta sunansu. Ta yi shiru. Can ta ce, "Har da yara?" Dattijon ya riga ni amsawa: "Wa zai ɗebo ruwan kwaɓi in ba ku ba?" Tun daga nan ta daina kallon tudun a matsayin ƙasa.

Shi kuwa auta ba ruwansa da Sutton. Tsingaro ya tsinto, ɓallin tsohuwar tukunya mai ɗan zane a baki, ya damƙe ya ce tasa ce. Sai da aka sha daru kafin ya yarda ya mayar inda ya ɗauka. Na ce masa in kowa ya tafi da ɗaya, ɗanka me zai zo ya gani? Bai gane ba, biskit ne ya raba gardamar. Bayan nan ƙaya ta shige masa silifa, na goya shi har mota. Laifina ne, da na sa masa takalmi sau-ciki.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai kafin mu bar wurin. A wani gefen tudun an yanke shi kamar an yanka burodi, an ɗebi ƙasar an tafi yin gini. Ban san wa ya ɗiba ba, ban kuma tambaya ba. Dattijon dai ya ce yana yaro wurin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba.

Daga nan muka nufi cikin birni, don su ga inda sarautar ta ƙarasa. Ganuwar birni kewayenta ya haura kilomita 14, da ƙofofinta irin su Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima da Tukur-Tukur. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ba gidaje kawai ta kewaye ba. An bar fili mai yawa a ciki na gonaki da lambuna da kiwo, don ko an yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci shi. Kududdufan da kuke gani a unguwanni kuwa, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Ga kuma rimi, wanda har unguwanni suka ci sunansa, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko.

A wata ƙofa na ba su labarin da ya fi burge ɗan shekara 7. Lokacin jihadi, wajen 1808, rundunar Malam Musa ta iso Zariya. Labarin da mutanen Suleja suka adana ya ce Sarki Makau yana filin Idi a bayan gari aka auka masa, bai samu komawa ciki ba. Wato ganuwar da aka gina don ta kare shi, ita ta bar shi a waje. Ya yi kudu wajen Zuba. Ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da aka zo yin sabon babban birnin Najeriya a shekarun 1970, aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Yaron ya zaro ido: "Ashe Abuja 'yar Zariya ce!" Tun daga Malam Musa, gidaje huɗu ke sarautar Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa.

Muka tsaya a ƙofar fada suka sha kallon zane-zanenta, sannan muka ƙarasa Masallacin Juma'a, ba lokacin salla ba, da izinin masu kula da shi. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846, maginin kuma shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ake kuma kira Muhammadu Durugu. Daga waje siminti muka gani a lokacin, domin a shekarun 1970 an lulluɓe tsohon ginin da sabo. Sai da muka shiga muka ɗaga kai. Ginshiƙai na ƙasa, bakan gizo yana haye bakan gizo, duk da tubali da azarar giginya, babu rodi ko ɗaya. Yaran da suka wuni suna surutu, a nan suka yi tsit. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin nan, an kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ku duba fa, wani ya taso daga Turai ya auna shi, mu kuma muna wucewa a kan acaɓa ba ma waiwaye.

A Ingila akwai wata ƙungiya, National Trust, da aka kafa a 1895, tana kula da tsofaffin gidajen manya da lambunansu. Iyaye kan kwashi yara ranar hutu su je, su biya kuɗin shiga, kuɗin kuma ya koma gyara. Yaron da ya yi guje-guje a wuri yana ƙarami, in ya girma ba ya yarda a rushe shi. Mu namu gidan tarihin ba shi da tikiti, ba shi da shinge, kuma na ƙasa ne. Ginin ƙasa kuwa kowa ya sani, in ba a yi masa yaɓe ba damina ce ke gadonsa. Da can talakawan gari ake tarawa a gyara ganuwa bayan ruwa ya ɗauke. Yau ba mai kai hari, sai aka bar ta wa ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu neman fuloti. Yarinyar da ta taka ta, ta san har yara sun ɗebo mata ruwa, ita ce gobe za ta iya cewa a'a.

Ga mai niyyar zuwa da yara: ku fita da sassafe, don dutse in ya ɗauki rana ba ya takuwa. Bayan damina ya fi, lokacin ruwa akwai santsi. Ku riƙe ruwan sha da yawa da abin taɓawa, ku sa musu takalmi sau-ciki. Ku tambayi 'yan gari halin da ake ciki kafin ku fita, ku gaida manyan wurin, ku nemi ɗan rakiya, ku kuma sallame shi da abin kirki. Kada ku hau ƙololuwa da ƙananan yara. In sun yi tambaya, ku ba su gaskiya, ku ware musu labarin baka daga abin da aka tabbatar. Suna iya ɗauka fiye da yadda muke zato.

A hanyar komawa biyu sun yi barci. Babbar ce kawai ido biyu. Da muka zo Ƙofar Doka ta ce, "Baffa, rage gudu in gani." Shekara 9 tana wuce ta, ranar ta fara kallonta.

Wace ganuwa ce ko wane tsohon gini ne a garinku da yaranku ba su taɓa takawa ba? Ku kai su tun yana nan.