Maza Masu Muryar Zabiya: Yadda Alfred Deller Ya Gaji Babannin Italiya

Da za a kunna faifan Alfred Deller a teburin mai shayi a Dugabau, kusan kowa zai rantse zabiya ce ke rerawa. Alhali kuwa Bature ne ɗan Ingila, mai gemu, magidanci da 'ya'ya uku. Irinsa ake kira kauntatena, wato baligin namiji da ke maƙe murya da gwaninta, gefen tantanin maƙogwaro kaɗai ke kaɗawa, har ta hau inda ta mata take hawa.

Turai ba da horo kaɗai ta samu wannan murya ba. Har da wuƙa. Majami'un Roma sun hana mata waƙa, a ƙasashen Fafaroma kuma har dandalin wasa an hana su hawa. Sai aka koma fiɗiye yara maza tun kafin su balaga, don kada muryarsu ta fashe. A 1589 Fafaroma Sistus na Biyar ya ba irin waɗannan mutane gurbi a ƙungiyar mawaƙan majami'ar Sen Pita. Mu ma nan mun san babanni: littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara ba su sarautu. Sai dai namu tsaron gida da riƙon amanar sarki ne aikinsu, na Italiya kuwa waƙa. Mafi yawansu 'ya'yan talakawa ne da iyaye suka miƙa da fatan arziki, kuma kaɗan ne suka samu.

Waɗanda suka samu ɗin fa sun samu. A zamanin Barok, lokacin da opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ta mamaye biranen Turai, su ne sarakuna da jaruman dandali. Senesino ne ya fito a matsayin Kaisar a operar Giulio Cesare ta mai tsara kiɗa Handel a Landan a 1724. Carlo Broschi, wanda aka fi sani da Farinelli, ya bar Landan a 1737 zuwa Sifen, inda ya riƙa yi wa Sarki Filibus na Biyar waƙa da dare don rage masa ciwon damuwa, har sarkin ya rasu a 1746. Na ƙarshensu a majami'ar Fafaroma, Alessandro Moreschi, an naɗi muryarsa a 1902 da 1904, ya rasu a 1922.

Babanni suka ƙare, waƙoƙinsu suka rasa mai su. Da aka farfaɗo da wasannin Handel a Gotingen ta Jamus daga 1920, sai aka sauko da muryar jarumai ƙasa aka ba maza masu kakkaurar murya. A ganina wannan ɓata aikin mai aiki ne.

Wanda ya zo ya cike wannan giɓi shi ne Deller, da aka haifa a Margate a 1912. Ya yi aiki a shagon kayan ɗaki, sannan a 1940 ya shiga mawaƙan babbar majami'ar Kantabari, domin majami'un Ingila ba su taɓa yar da al'adar maza masu siririyar murya ba, sun dai bar su a cikin 'yan amshi. Can mai tsara kiɗa Michael Tippett ya ji shi, ya kai shi gaban jama'a a Landan. A 1946 BBC ta watsa muryarsa cikin waƙar Henry Purcell, a 1947 ya koma majami'ar Sen Pol ta Landan, daga baya ya kafa ƙungiyarsa, Deller Consort. A 1960 Benjamin Britten ya tsara masa rawar Oberon, sarkin aljanu, a wasan A Midsummer Night's Dream. Murya kam ba a cewa komai, amma a taka rawa jikinsa ya yi sanyi, don haka da wasan ya isa dandalin Covent Garden na Landan a 1961, Russell Oberlin ɗan Amurka aka ba. Deller ya rasu a 1979 a Bolonya, garin da Farinelli ya rasu a 1782.

Bayansa hanya ta buɗe: James Bowman, Andreas Scholl na Jamus, Philippe Jaroussky na Faransa, da Jakub Orliński na Folan da ya yi waƙa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Faris a 2024. Duk da haka ba su kai babanni tsawon numfashi da faɗin murya ba. A fim ɗin Farinelli na 1994, sai da aka gwama muryar Derek Lee Ragin, baƙar fata ɗan Amurka, da ta wata mawaƙiya 'yar Folan a kwamfuta kafin a samu abin da ya yi kama da ta mutum ɗaya.