Karen Baskerville Tsakanin Tsoro da Hankali

Tun da Arthur Conan Doyle ya fitar da littafin The Hound of the Baskervilles a 1902, masu shirya fim ke ta komawa kansa, kuma a ganina tsoron da ke cikinsa ne ya jawo su fiye da basirar Sherlock Holmes. Labarin ya ginu ne kan wani kare da mutanen dajin Dartmoor na Ingila suka ɗauka la'ana ce mai bin zuriyar gidan Baskerville, sai daga baya ta bayyana makircin wani mai suna Stapleton ne, mai kwaɗayin gado. Fim ɗin Amurka na 1939, wanda Basil Rathbone ya fito a Holmes, ya cika dajin da hazo da duhu. Na kamfanin Hammer a 1959, da Peter Cushing da Christopher Lee, ya zo da launi, ya ƙara jini da gizo-gizo mai dafi wanda babu shi a littafin.

Masu suka na cewa wannan cin amanar Doyle ne, tunda Holmes mutum ne na hujja. Suna da gaskiya kan gizo-gizon, ƙari ne kawai. Amma in mai kallo bai fara yarda cewa karen aljani ne ba, bayanin Holmes ba zai yi masa nauyi ba. Doyle da kansa ya ɓoye Holmes tsawon babi da dama, ya bar abokinsa Watson shi kaɗai da kukan dare, kuma wannan tsoron Hammer ta faɗaɗa.